Yadda Ake Tantance Raɗe-raɗin Lasisin Muhalli Kafin Zuba Jari a Haƙar Ma'adinin Taki

Da zarar an fara raɗe-raɗin cewa hukumar muhalli ta kusa amincewa da aikin haƙar fotash ko fosfet, ma'adinan da ake yin takin zamani da su, farashin hannun jarin kamfanin yakan yi tashin gwauron zabi. Kafin ka zuba kuɗinka, fara gano wane lasisi ake nufi. A Brazil, alal misali, matakai uku ne: na share fage, na gini, da na fara aiki. Na farko ba ya ba da izinin gina mahaƙa.

Nemi rahoton tasirin aikin ga muhalli daga hukumar kanta, kada ka tsaya ga sanarwar kamfani. Duba ina za a jibge tarin gishirin da ke saura bayan tace fotash, domin ruwan sama na iya narkar da shi ya gurɓata rijiyoyi da koguna. Duba ko an tuntuɓi mazauna yankin yadda doka ta tanada. In an yi sakaci a nan, kotu na iya dakatar da lasisin da aka riga aka bayar.

Sai batun kuɗi, inda mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Kamfanin Sirius Minerals na Ingila ya sami izinin gina mahaƙar ma'adinin taki a 2015, amma a 2019 ya kasa tara dala miliyan 500 ta takardun lamuni, kamfanin haƙar ma'adinai na Anglo American ya saye shi da arha a 2020. Kwatanta kuɗin da ke hannun kamfani da kuɗin gina mahaƙar. In giɓin ya yi yawa, za a fitar da sabbin hannayen jari, kason naka ya ragu.