Yadda ake saukar gangara da giya ba tare da an ƙona birki ba

Wanda ya koyi mota a Kano zai iya yin shekara da shekaru yana tuƙi bai taɓa haɗuwa da gangara ta gaske ba. Garin shimfiɗe yake. In ka cire Dala da Goron Dutse, abin da ya rage sai saukowa daga kan gadar Ƙofar Nasarawa ko ta Sabon Gari, kuma kafin birki ya ɗumama an riga an sauka. Wahalar tana zuwa ne ranar da tafiya ta kama zuwa Jos, garin da ya haura mita 1,200 daga saman teku alhali Kano ba ta kai 500 ba, balle a ce za ka zarce Akwanga ta Hawan Kibo, ko ka sauko daga Gembu a tsaunin Mambila.

Birki yana tsayar da mota ne ta hanyar gogayya, gogayya kuwa zafi take haifarwa. A cikin gari kana takawa kana saki, iska tana sanyaya shi. A doguwar gangara, in ka ɗora ƙafa ba ɗagawa, fad, wato takalmin birki, da faifan da yake matsewa za su yi ta ɗaukar zafi har kamun ya ragu. Daga nan zafin ya kai ga man birki. Sabon man birki nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, nau'in DOT 4 kuwa 230, amma man yana shan danshi, tsohon DOT 3 yana iya tafasa a wajen 140. Da ya tafasa sai ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. Sau da yawa abin da ake cewa "birki ya tsinke" ke nan, ba wani abu ne ya katse ba. Shi ya sa ake barin inji ya ɗauki mafi yawan aikin: in mota tana cikin ƙaramar giya ka ɗaga ƙafa daga totur, injin da kansa yake riƙe tayoyi.

Mataki na farko tun a gida ake yin sa. Ka kai wa bakanike ya duba kaurin fad da launin man birki. In man ya yi baƙi, ko ya wuce shekara 2 ba a canza ba, a zubar a zuba sabo daga robar da ba a taɓa buɗewa ba.

Na biyu shi ne ginshiƙin maganar: ka zaɓi giya tun kana saman tudu, kafin mota ta fara gudu. Tsofaffin direbobi suna cewa giyar da ta hau da kai ita za ta sauko da kai, in da kaya ma ka rage ɗaya. A motar manuwal, ka fara rage gudu da birki, ka taka kuloci, ka sauko giya ɗaya, sannan ka saki kulocin a hankali. Daga ta biyar zuwa ta huɗu, daga nan ta uku, kada ka yi tsalle zuwa ta biyu kana kan gudu, musamman in an yi ruwa, domin tayoyi na iya zamewa. A otomatik ma haka ne, sai dai mutane da yawa ba su taɓa matsar da hannun giya daga D ba. Lambobin nan 3 da 2 da L, ko alamar + da -, don irin wannan wuri aka yi su. Gangara mai sauƙi 3 ta isa, mai tsanani da kwana-kwana sai 2.

Za ka ji inji ya ɗaga murya. Kada wannan ya tsorata ka har ka mayar da babbar giya. Ka dubi allurar da ke nuna juyawar inji: a motar fetur, 3,000 zuwa 4,000 ba komai ba ne, jan layi ne ba a so ta kusanta. In ta nufi can, birki za ka taka.

Na uku, yadda ake taɓa birkin. Ka yanke gudun da kake so, a ce kilomita 40 a awa. In mota ta kai nan, ka taka da ɗan ƙarfi har ta sauko wajen 30, ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska, in ta sake kaiwa 40 ka maimaita. Kafin kwana ake rage gudu, ba a tsakiyarta ba. In ka ga kana komawa birki akai-akai, giyar ta yi girma, sauko ɗaya. Ka tuna kuma riƙon inji ba ya kunna jar fitilar baya, don haka in tirela tana binka, ka riƙa ɗan taɓa birki direbanta ya san kana rage gudu.

Sai maganar furi, wato fitar da mota daga giya ta gangara da kanta don a rage shan mai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ɗabi'ar sakin mota a furi, ko ma kashe inji a gangara, ta ƙara samun gindin zama, kuma a ganina babu gangancin da ya kai wannan. A furi an raba inji da taya, nauyin mota da fasinja da buhunan da ke but duk ya koma kan birki shi kaɗai. Taka kuloci a riƙe ma duk ɗaya ne. Ribar da ake hange kuma babu ita: motocin da ba na kafireto ba, irin su Sharon da Corolla da suka cika tashar Unguwa Uku, kwamfutarsu tana yanke mai in kana cikin giya ƙafarka ba ta kan totur, amma a furi dole inji ya sha mai don kada ya mutu. Kashe inji ya fi muni. Bayan taku biyu ko uku birki zai yi tauri, sitiyari ya yi nauyi, in an murɗa makulli har ƙarshe ma yana iya kullewa. In kai fasinja ne ka ji motar ta yi tsit a gangara, ka yi magana: "Malam direba, don Allah a sa mata giya."

In ka fara jin ƙauri, ko birki ya yi laushi, kada ka ce bari ka lallaɓa zuwa ƙasa. Ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka yi ta taka birkin kana saki da sauri ko ƙarfinsa zai dawo, ka ja birkin hannu sannu a hankali yatsanka yana danne da maɓallinsa, don ka iya saki in tayoyin baya suka kafe. Da ka samu fili ka sauka daga kan titi, ka sa giya, ka sa wa taya dutse. Kada a watsa wa faifan ruwa, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ka bar shi ya huce da kansa, ko da rabin awa ne, sannan ka gwada shi a ƙaramin gudu. In har yanzu da laushi, motar ba ta tashi sai bakanike ya zo.