Babi na 3: Kula da Tsohuwar Mota da Hannunka

Wannan babi na mai tsohuwar mota ne, irin su Peugeot 404 da 504 da Volkswagen Beetle, wanda bai taɓa koyon kanikanci ba. Kada ka ji tsoro. Yawancin waɗannan motoci ba su da kwamfuta a cikinsu, don haka ido da kunne da sufana sun isa yin gyara da yawa. Karanta a hankali. In ka rikice, koma farkon layi, ba laifi ba ne.

Darasi na 1: Batir

Kashe mota. Zare makulli ka sa a aljihu. Cire zobe da agogo.

Batir yana da kai biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), wato sanda biyu da suka gitta juna. Ɗayan yana da alamar ɗebewa (−), wato sanda ɗaya a kwance. Kowane kai yana da waya mai kauri. Bi kowace waya da yatsa har ƙarshenta. Za ka ga ɗaya an ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota ko a jikin inji. Ita ce za mu riƙa kira wayar jiki.

Wayar jiki ake fara cirewa. Ita ake mayarwa a ƙarshe.

Sake karantawa da ƙarfi: wayar jiki ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe.

Ga dalili. Muddin wayar jiki tana haɗe, duk ƙarfen motar yana haɗe da batir. In ka fara kwance ɗayan kan, sufana ta goga jikin mota, wuta za ta yi tartsatsi nan take, sufanar ta yi zafi ta ƙona maka hannu. Batir kuma yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, yana iya fashewa ya watsa maka ruwan batir a fuska.

A yawancin motoci wayar jiki tana kan alamar (−). Amma motocin Ingila da yawa da aka ƙera kafin tsakiyar shekarun 1960 tasu tana kan (+). Saboda haka kada ka dogara da launin waya, bi ta da yatsa. Mai Beetle ya ɗaga kujerar baya, nan batirinsa yake. In motar ta girmi 1967, mai yiwuwa batirinta mai ƙarfin wuta bolt (volt) 6 ne, kada a sa mata mai 12.

Wace waya ake fara cirewa? Wayar jiki. Wace ake mayarwa a ƙarshe? Wayar jiki. Madalla, ka fara iyawa.

Amma bari in faɗi gaskiya. Na sha maimaita wannan a aji, kowa ya gyaɗa kai, da an buɗe bonet sai hannu ya tafi kan jar waya, wadda yawanci ba ita ce wayar jiki ba. Haba! Girma ya zo, a daina gaggawa. Wanda ba zai iya tsayawa ya bi waya da yatsa ba, ya ajiye sufana ya kira makanike.

Darasi na 2: Fulogi

Bari inji ya huce. Cire wayar jiki ta batir tukuna. Ka cire? To.

Cire wayar fulogi ɗaya tak, kwance fuloginta, duba, mayar, sannan ka taɓa na gaba. Kowace waya da gurbinta. A yawancin injina masu silinda 4 wuta tana bin tsarin 1-3-4-2, a Beetle kuwa 1-4-3-2. In ka cire su duka ka cakuɗa, mota za ta yi ta tari ko ta ƙi tashi.

Dubi bakin fulogi. Ruwan ƙasa ko ruwan toka lafiya ne. Baƙi busasshe yana nuna fetur ya yi yawa daga kafireta. In ya jiƙe da baƙin mai, wannan aikin makanike ne. Wajen mayarwa, fara murɗawa da yatsu kafin ka sa sufana, don kada ka ɓata zaren. Ka gama? Mayar da wayar jiki, ita ce ta ƙarshe.

Darasi na 3: Baƙin mai da ruwa

Ajiye mota a wuri mai daidai. Zaro sandar awon mai, goge, mayar, sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi. Beetle ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta.

Darasi na 4: Fambel

Danna tsakiyarsa da babban yatsa. Ya lotsa kamar santimita 1. In ya tsattsage, canza shi.

Darasi na 5: Fiyus

In ya ƙone, sa sabo mai lamba iri ɗaya. Kada ka sa waya a madadinsa.