Yadda Ake Zaɓen Makami da Yanki Kafin Sayen Takardar Farautar Elk a Jihar Idaho

Elk, wata babbar dabba dangin barewa, na cikin manyan namun dajin Arewacin Amurka. Namijin yakan kai kilo 300, yana da ƙaho mai rassa, a girma kuwa ba ya kasa gwanki. A jihar Idaho ta ƙasar Amurka lasisin farauta kaɗai ba ya ba ka damar harbinsa, sai ka haɗa da takardar da ake kira tag, wadda ke halatta maka dabba ɗaya. Hukumar Idaho Fish and Game, mai kula da kifi da namun dajin jihar, ta raba jihar gida 28 domin farautar elk, kuma tag ɗinka na yanki ɗaya ne tak. A yawancin yankunan za a tambaye ka: A kake so ko B? Tag na A ya fi karkata ga masu baka da masu bindigar da ake ɗurawa ta baki, na B kuma ya fi ba masu raifal dama. Shawarata ita ce ka fara yanke hukunci a kan makami, yankin ya biyo baya, domin makamin ne ke tsayar maka da watan da za ka shiga daji da kuma halin da za ka tarar da dabbar.

Mataki na farko: gwada hannunka da gaskiya

Kafin ka buɗe taswira, je filin koyon harbi. Mai baka ya kafa faranti a nisan mita 30, ya ga ko kibansa na shiga ciki kullum, har da lokacin da ya yi ɗan gudu yana haki. Mai raifal ya gwada a mita 200, a durƙushe ko ya ɗora bindigar a kan jakarsa, don a kan dutse babu teburi. Idan hannunka bai faɗa da baka ba, kada daɗin labarin farautar Satumba ya ja ka. Elk na da taurin rai. Kibiyar da ta kauce wa huhu za ta bar ka kana bin jini har dare, dabbar ta je ta mutu inda ba mai amfana da ita. Wannan zalunci ne, kuma asara ce.

Akwai ƙa'idojin da ba a ɗaga ƙafa a kansu. Idaho na buƙatar baka mai ƙarfin ja na nauyin fam 40 (kimanin kilo 18) zuwa sama, da izinin baka na musamman, wanda ake bayarwa ga wanda ya yi kwas ɗin farautar baka ko ya nuna ya taɓa riƙe irin wannan izini. Bindigar ɗurin baki ta elk ba ta kasa kaliba .50, wato faɗin bakinta rabin inci, kuma a lokacin da aka ware mata ba a ɗora mata madubin hange. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1975 sai ya nuna shaidar kwas ɗin ilimin farauta, ko shaidar ya taɓa riƙe lasisin farauta.

Mataki na biyu: ka san abin da kowane wata ke kawowa

Nan ne zaɓin ke da nauyi. Farautar baka a yankuna da dama tana farawa 30 ga Agusta ta ƙare 30 ga Satumba, daidai lokacin barbara. Mazan na kuka da asuba da yamma, wani dogon fito mai ƙarewa da gurnani, kana jinsa daga wancan gefen kwari. Suna amsa kira, kuma wanda ya iya busa yana iya jawo namiji har gabansa. Amma sai ka matso kusa ƙwarai, ga hancinsu ba ya kuskure. Shi ya sa maharban baka ke yawo da 'yar kwalbar hoda a aljihun gaba: a matsa ta, farin ƙura ya fito, a ga inda ya nufa. Da sassafe iska na gangarowa daga tudu zuwa kwari, rana na ɗagawa ta juya ta hau. Wanda ya tunkari garke iska na bayansa, ƙarar karyewar rassa kawai zai ji suna tafiya.

Matsalar Satumba zafi ne. Dabba mai wannan girma tana riƙe ɗumi a jikinta, naman wuya da na cinya na iya lalacewa cikin dare ɗaya idan ba a feɗe an rarraba shi da wuri ba.

Farautar raifal ta fi faɗowa a Oktoba zuwa Nuwamba. Barbara ta wuce, mazan sun yi shiru, sun shige kurmi suna maida jiki. Aikin ya koma na zama a kan tudu da madubin hange, ana duban gangara ɗaya na sa'o'i. Sanyi na kare nama, ƙanƙara na nuna sawu, sai dai jama'a sun fi yawa, kuma guguwa ɗaya na iya rufe hanyar da ka shigo. A wasu yankuna masu nisa irin su Selway da Middle Fork ana buɗe farautar bindiga tun tsakiyar Satumba, amma wahalar shiga ce kuɗin wannan gata. Ga sabon shiga, ni raifal nake zaɓa masa, musamman idan nama yake nema. Idan ya samu takardar da ta halatta mace, ya karɓa hannu biyu.

Mataki na uku: zaɓi yankin da ƙafarka za ta iya

Sama da kashi 60 cikin ɗari na ƙasar Idaho mallakar gwamnatin tarayya ce, don haka wurin shiga ba ya wuya. Yankunan ne ba su yi kama da juna ba. Panhandle a arewa kurmi ne mai duhu da damshi, ba ka gani nesa, ya fi dacewa da mai kira da mai haƙuri. Lolo ta yi suna a da, amma garkenta ya ragu ƙwarai saboda lalacewar wuraren kiwo da kuma kyarketai, waɗanda aka dawo da su tsakiyar jihar a 1995 da 1996. Middle Fork na cikin dajin Frank Church, inda mota ba ta shiga. Da ƙafa, da doki ko da ƙaramin jirgi ake zuwa. Island Park na maƙwabtaka da gandun dajin Yellowstone, ƙasar girizili ce, wata babbar beya mai haɗari, dole ka rataye abinci da nama nesa da tanti, ka kuma riƙe feshin korar beya a ƙugu. Diamond Creek a kudu maso gabas masu baka na sonta, shi ya sa aka ƙayyade yawan takardunta, haka ma Sawtooth.

Tambayar da ta fi kowace: idan dabbar ta faɗi, yaya za ka fitar da ita? Naman namiji ɗaya, bayan an cire ƙashi, na iya kusantar kilo 100. Ana zuba shi a buhunan yadi, a rataye a inuwa kusa da rafi, a riƙa ɗauka a baya sawu-sawu. Mutum ɗaya da ya harbe ta kilomita 8 daga mota, a ƙasan kwari, ya ɗauko wa kansa aikin kwana biyu ko fiye, kuma dokar jihar ta haramta barin nama ya lalace. Ka auna nisan da kai da abokin tafiyarka za ku iya, ka zana shi a taswira, ka tsaya cikinsa.

Mataki na huɗu: duba alƙaluma da taswirar hanya

Hukumar na wallafa sakamakon farautar kowace shekara: yawan maharba, yawan abin da aka samu, da makamin da aka yi amfani da shi. Duba na shekaru uku zuwa biyar, kada ka tsaya kan ɗaya. Inda ka ga nasara ta yi yawa, bincika ko dabbobin a gonakin mutane suke, inda ba ka da izinin shiga. Nemi taswirar hanyoyin mota ta hukumar gandun daji, don hanyoyi da yawa ana rufe su a kaka.

Mataki na biyar: lokacin nema da abin da ke bayan harbi

Mazaunin jihar na sayen yawancin takardun kai tsaye. Baƙo kuwa adadinsa ƙayyadadde ne, kuma tun Disamba ake fara neman na shekara mai zuwa. Akwai kuma farautar ƙuri'a, wadda ake cike takardarta daga 1 ga Mayu zuwa 5 ga Yuni. Idaho ba ta tara wa mai nema maki kamar yadda jihar Colorado ke yi, sabo da tsoho duk ɗaya suke a ƙuri'a. Karanta littafin dokoki na shekarar da kanka, don ranaku na sauyawa daga yanki zuwa yanki.

Ga Musulmi, a ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko harsashi, idan an tarar da dabbar da sauran rai a yanka ta. Da zarar ta faɗi, yanke rana da wata a jikin tag ɗin ka ɗaura shi a naman, ka bar shaidar jinsin dabbar a jikin cinya ɗaya har ka isa gida. Cikin kwana 10 sai ka aika wa hukumar rahoton farautarka. Wanda bai samu komai ba shi ma yana aikawa bayan an rufe kakar.