Labulen gidan haya a Ingila: abin da zan gaya wa ƙanwata kafin ta shiga kanti

Sati na biyu da tarewata a Manchesta, wata dattijuwa da ke zaune a gidan da ke fuskantar namu ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ɗan yi jim, sannan ta gaya mini cikin ladabi cewa da daddare in mun kunna fitila, ana hango cikin falonmu tun daga tagarta. A lokacin wani labule shara-shara ne kawai a tagar, wanda muka tarar a gidan. Da rana ina leƙen titi ta cikinsa, mai wucewa ba ya ganina, sai na ɗauka haka yake dare da rana. Ashe da zarar duhu ya yi, cikin ɗaki ya fi waje haske, lamarin juyawa yake: ni ba na ganin kowa, kowa yana ganina. Kwana goma sha ina zaune ba ɗankwali, ina shayar da yaro a kan kujera. Har yau ina yi wa matar nan fatan alheri, don da ta yi shiru da ban san ranar da zan gane ba.

Shi ya sa, 'yar uwa, in kin sauka ƙasar nan, maganar labule ba ta jira sai kin zauna da gindinki. A gida mun taso cikin katanga da zaure, taga tana kallon tsakar gida, labule kuwa yana cikin kayan ɗaki ne, a dace shi da kujeru da kafet, 'yan ganin ɗaki su yaba. A nan yawancin gidajen da sabon zuwa ke iya kamawa jerarru ne, bango ɗaya ya haɗa ki da maƙwabci, tagar falo ƙatuwa kuma wani lokaci taku biyu ne tsakaninta da hanyar masu tafiya a ƙasa. Labulen shi ne katangarki, shi ne zaurenki. Ki fara zaɓen wanda zai yi wannan aikin, launi ya biyo baya.

A tagar da ke kallon titi, biyu kike buƙata. Shara-shara a jikin gilashi saboda rana, don ki samu haske ba tare da an ga cikin ɗakinki ba, sannan mai kauri a gabansa wanda za ki ja tun kafin ki taɓa makunnin fitila. Ki mayar da wannan ɗabi'a, ki koya wa yara ma. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ke nan kina dawowa daga ɗauko yara a makaranta lokacin ja ya yi. Kuma kada ki yarda da kallon ido daga ciki. Daren farko da kika rataya, ki kunna fitila, ki fita waje ki tsaya a ɗaya gefen titi ki duba da kanki. Akwai yadin da a hannu yake da kauri, amma in haske na bayansa sai inuwar mutum ta fito sarai.

Ɗakin kwana kuma matsalarsa daban, ba za ki san da ita ba in da sanyi kika zo. A tsakiyar watan Yuni, a Manchesta rana tana fitowa kafin ƙarfe biyar na safe, ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, kuma ko ta faɗi sararin sama ya daɗe bai yi duhu ba. Can Gilasgo, da ke arewa a Scotland, abin ya fi haka. Yaron da ya saba kwanciya bayan isha a Kano ko Zariya, ki ce masa ya kwanta ƙarfe takwas alhali rana tana kan bango, ai rigima kika tayar, ga makaranta washegari. Ke kanki isha ta kai ki wajen sha ɗaya, asuba ta tashe ki tsakar dare, kina komawa barci haske ya cika ɗaki. Masu aikin dare, irin 'yan uwanmu da ke gidajen kula da tsofaffi da asibitoci, su suka fi kowa shan wannan wahala. Maganinta labule mai tare haske, wanda aka yi wa shafi na musamman a baya. A jikin ledarsa za ki ga an rubuta blackout. In kuɗinki na labule ɗaya ne tak a wannan watan, ni dai shawarata ki kai shi ɗakin yara. Ki sa sandar ta wuce faɗin tagar da kamar santimita 15 zuwa 20 ta kowane gefe, don ta gefen ne haske ke satar hanya.

Sai sanyi. Ko tagar mai gilashi biyu ce, in kika kai hannu kusa da ita a watan Janairu za ki ji sanyi yana sauka kamar an buɗe firji. Labule mai shafi biyu yana rage wannan sosai, kuma ana jin bambancin a jiki. Amma ga kuskuren da kusan kowannenmu yake yi: mun saba labule mai jan ƙasa shi ne labulen manya, a nan kuwa hitar ɗaki, wannan farin ƙarfen da ruwan zafi ke zagayawa a cikinsa, yawanci a ƙarƙashin taga ake kafa ta. In labulenki ya sauko ya rufe ta, ɗumin sai ya bi bayan yadi ya hau gilashi, ke kina ɗaki kina rawar sanyi, kuɗin gas yana tafiya. Inda akwai hita a ƙarƙashin taga, labule ya tsaya a dakalin tagar, ko ya wuce shi kaɗan ba tare da ya lulluɓe hitar ba. In kuma hitar ta lantarki ce, to maganar ta wuce asarar kuɗi, gobara ake tsoro, kada yadi ya taɓa ta sam. Mai jan ƙasan ki kai shi ƙofar shigowa, in ƙofar a falo take buɗewa. Nan ne zai yi miki amfani, don iskar da ke kurɗowa ta ƙarƙashin ƙofa ba ƙarama ba ce.

Akwai abin da ya fi damuna a kan duk waɗannan. Saboda son sutura da gudun sanyi, da yawa cikinmu kan ja labule tun Oktoba ba a sake buɗewa sai Maris. Ana girki, ana wanka, ana shanya wanki a kan hita, tururin duk yana zuwa ya kwanta a gilashi mai sanyi ya zama ruwa. Da safe za ki ga taga tana zufa, ruwa ya taru a dakali. In labule ya kwana yana shan wannan ruwa, bayan 'yan makonni sai ki ɗaga shi ki ga ɗigo-ɗigon baƙi a gefensa da kusurwar bango. Funfuna ce, kuma tana cin ƙirjin yara. A watan Disamba na 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Rochdale, nan kusa da mu, kuma binciken kotu ya tabbatar cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidansu ce sanadi. Iyayensa sun yi ta kai ƙara ba a gyara ba, har daga baya aka yi doka da sunansa. Allah Ya jiƙansa. Don haka kowace safiya ki yaye labule mai kauri, ki bar shara-sharan, ki goge gilashi da tsumma, ki ɗan buɗe taga ko na minti goma ne. Ki bar tazara tsakanin yadi da gilashi. In kuma kin yi duk wannan baƙin yana dawowa, to laifin ginin ne, ki ɗauki hoto ki rubuta wa mai gidan haya a rubuce, kada kunya ta sa ki yi shiru.

Wajen awo, sandar labule ake aunawa, ba gilashi ba. Labulen da aka ɗinka aka ajiye a kantuna irin su Dunelm da Argos girmansa sananne ne: faɗi santimita 117, 168 ko 229, tsawo 137, 183 ko 229. Biyu ne a leda, kuma faɗin da aka rubuta na kowane guda ne. Kina so in an haɗa biyun su kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na tsawon sandar, in ba haka ba zai tsaya a miƙe kamar an shanya zani. Sandar da ta kai 180, ki ɗauki mai faɗin 168. Na IKEA kan zo da tsawo ƙwarai, sai an rage, suna kuma sayar da wani siririn tef da ake naɗe bakin da shi a bi da dutsen guga, ba sai da keke ba. Ki duba abin da ke saman tagarki kafin ki fita: in sanda ce zagayayya, mai zobba a sama zai shiga, in dogon layi ne mai 'yan ƙugiyoyi, sai mai tattara. Na ga waɗanda suka cika akwati da labule daga Kantin Kwari suka biya kuɗin kaya, da aka zo ko dai tsawon bai dace ba ko ba shafi a baya. In yadin yana ranki, ki zo da shi ba a ɗinka ba, a nan sai a sa masa shafi.

Kada ki huda bango ba izini. A Ingila tun 2019 kuɗin ajiyar da ake karɓa a yawancin gidajen haya ba ya wuce kuɗin hayar sati biyar, amma sati biyar ɗin kuɗi ne mai yawa, kuma daga ciki ake cire gyaran duk ramin da kika bari. Ki tambaya a rubuce. In an hana, akwai sanda mai sifirin a ciki da ake matsawa tsakanin bango biyu na taga, tana ɗaukar shara-shara da labule marar nauyi. Labulen da kika tarar a gidan, ko bai yi miki ba kada ki zubar, yana cikin takardar lissafin kayan gida. Ki ɗauki hotonsa, ki ninke ki ajiye, ranar tashi ki mayar.

An ce araha ba ta ado, amma a labule na ga ta yi. Shagunan sadaka da ke sayar da kayan gida na hannu, irin na British Heart Foundation, da kasuwar Facebook, ana samun masu shafi biyu a kuɗi kaɗan, don masu tashi ba sa iya tafiya da su. Ki shinshina kafin ki biya, warin taba da na funfuna da wuya suke fita da wanki. Mu ma masu turaren wuta mu sani yadi yana riƙe hayaƙi, kuma kasko ya yi nesa da labule.

A kicin ki bar yadi gaba ɗaya, mai da tururin miya za su lalata shi, ga murhu kusa. Irin na naɗi, mai kama da asabari, shi ya fi, don ana goge shi da soso. Sai dai igiyarsa. Yara ƙanana sun mutu a ƙasar nan saboda igiyar irin wannan labule ta shaƙe su, shi ya sa tun 2014 ba a sayar da sabo sai da abin kariya. Tsofaffin gidaje kuwa har yanzu akwai na da, igiya tana reto har ƙasa. Ranar da kika karɓi makulli ki bi taga-taga ki duba. Duk igiyar da kika gani ki naɗe ta a ƙugiya a sama, aƙalla mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma ki janye gadon jariri da duk kujerar da yaro zai iya takawa daga jikin tagar.