Yadda za ku tsare kuɗin masallacinku kafin rigima ta shigo

Na yi aikin akanta har na yi ritaya, daga baya mutanen unguwarmu suka ɗora mini riƙon asusun masallacin Juma'a. Abin da na gani a ofis shi na tarar a masallaci. Ba kasafai ɓarawo ne ke fara taɓa kuɗin jama'a ba. Mutumin kirki ne da aka bar wa kuɗi a aljihu babu mai tambaya, matarsa ta haihu ya ranta da niyyar mayarwa, wata ya zagayo bai mayar ba, ya ƙara ranta. Kafin shekara ta cika shi kansa bai san nawa ake bin sa ba. Saboda irin wannan mutumin nake rubuta wannan bayani, domin tsari ne zai cece shi, ya kuma ceci masallacin.

Ku fara da raba liman da kuɗi. Wannan shi ne mafi wuyar faɗa, domin da ka buɗe baki za a ce maka naman malamai guba ne, ko a ce zato zunubi. Amsar da nake bayarwa ita ce, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, a kuma kafa shaidu. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, kuma babu wanda ya ce an zarge su. Ka sami liman shi kaɗai a zaurensa, ba a gaban mamu ba, ka ce: "Allah ya gafarta Malam, muna so mu ɗauke maka wannan nauyi ne, kada wata rana wani ya sami bakin magana a kanka." Malamin da ya san darajar mumbarinsa zai yi maka godiya. A yanka masa alawus sananne duk wata, shi da na'ibi da ladan da mai shara, a rubuta, kowa ya sa hannu ya karɓa.

Sai akwatin ranar Juma'a. A yi masa kwaɗo biyu, makullan su kasance a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba. Da an sallame Sallah a buɗe shi a cikin masallaci, mutum uku su ƙirga, ɗaya daga cikinsu kuma ya kasance daga cikin mamu, ana sauya shi kowane mako. Ni nakan sa a shimfiɗa darduma a gaban mumbari, a ware 'yan dubu gefe guda, 'yan ɗari biyar gefe guda, har zuwa yagaggun 'yan hamsin, a rubuta adadin kowane kashi a littafi mai ɗinki wanda aka sa wa shafukansa lamba. Littafin da ake iya cire masa shafi ba a gane ba, ba littafin kuɗi ba ne. Su ukun su sa hannu. Ranar Litinin kuɗin ya shiga banki gaba ɗayansa, a liƙa takardar shaidar ajiya a shafin. Kada a ce bari a ɗebi na man janareta tukun a kai sauran. Daga nan lissafi yake fara rikicewa.

Asusun banki kuwa da sunan masallaci za a buɗe shi. Yanzu da yawancin taimako ta waya yake shigowa, za ka ga an rubuta lambar asusun shugaban kwamiti a bango, ko ana karanta ta a lasifika lokacin tafsirin azumi. Ranar da mutumin nan ya rasu, kuɗin ya cakuɗe da gadonsa, magada kuma ba su da hanyar bambancewa. Bankuna sukan nemi takardar rajista ta hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC, wato a yi wa masallacin rajistar amintattu a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, sukan kuma nemi shaidar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Akwai ɗan wahala da kashe kuɗi, kuma rajistar tana ɗora muku nauyin miƙa rahoto duk shekara, amma ku daure ku yi. Masu sa hannu su zama uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Saƙon shigar kuɗi da fitarsa ya riƙa zuwa wayar wanda ba ya cikin masu sa hannu.

Wajen kashewa, gini ne babbar kafa. Idan za a sayi siminti ko rodi ko kwano, a jiyo farashi daga shago uku. Wanda ya sayo daban, wanda ya ƙirga kayan da aka sauke daban. Birkila da lebura ba su da rasit, don haka a yi musu takarda su sa hannu ko su dangwala yatsa. Ɗan kwamiti kuma ba ya karɓar kwangilar masallacinsa, ko da ya rantse zai yi a sauƙaƙe.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a yi tunani: kuɗin 'yan siyasa. Da zaɓe ya ƙarato za ka ga motoci a ƙofar masallaci, an zo da ambulan, ko buhunan shinkafa, ko alkawarin kujerar Makka. Tambayar farko da kwamiti zai yi ita ce, wannan na masallaci ne ko na Malam? A nan ne ake yawan rufa-rufa. Hadisin Ibnul Lutbiyya yana cikin Bukhari da Muslim: Manzon Allah (SAW) ya aike shi karɓo zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya hau mumbari ya tambaya me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Abin da aka ba mutum saboda kujerar da yake kai ba nasa ba ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka. Yau masu mulki ne ke kawo wa malamai gaisuwar, kuma illarta ta fi, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Limamin da ya karɓi mota a ɓoye ba zai iya huɗuba a kan asibitin garinsu da babu magani ba.

Ƙa'idar da za ku kafa tun kafin baƙon ya zo: duk abin da mai mulki ko ɗan takara ya kawo, asusun masallaci zai shiga, a ba shi rasit, a sanar da adadinsa ranar Juma'a kamar na kowa, babu kirari, babu addu'a ta musamman da sunan jam'iyya. Idan ya ce a bar shi sirri ne, ku ce masa: "Ranka ya daɗe, za mu iya ɓoye sunanka, amma adadin dole jama'a su ji." Wanda ya bayar don Allah ba zai ƙi ba.

Idan kuma aiki ya kawo, kamar rijiyar burtsatse ko sola, ku tambaya daga aljihunsa ne ko daga kasafin gwamnati. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya a cikin kasafin ma'aikatu da hukumomin tarayya ake saka su, kuɗin jama'a ne, ba sadakar kowa ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar da aikin ke ƙarƙashinta ya nemi sanin nawa aka ware da wanda aka ba kwangilar, kuma kwana 7 doka ta ba ta ta amsa. Ku kai wasiƙar da hannu, a buga muku hatimi a kwafinku. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tana bibiyar irin waɗannan ayyuka tun 2019, kuma tana karɓar ƙorafi. Ku haɗa da hoton aikin da ranar da aka ɗauka.

Zakka kada ta cakuɗu da kuɗin gini. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci rukuni takwas na masu cin ta, saboda haka littafinta daban. A rubuta waɗanda aka ba, amma ba a liƙa sunayensu a allo, domin mutuncin mabuƙaci.

Ƙarshen kowane wata a liƙa takarda ɗaya a ƙofar masallaci, kusa da wurin ajiye takalma: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage a banki. A rubuta da boko da ajami, ladan kuma ya karanta, har da ɓangaren mata, domin suna bayarwa sosai amma ba a cika tuna su wajen bayani ba. Sau ɗaya a shekara, kafin azumi ya fi dacewa, a gayyato wani mai ilimin lissafi daga wata unguwa ya gwada littafi da takardar bayanin asusu daga banki.

Idan ya gano giɓi, kada a fara da lasifika ko Facebook. A kira wanda kuɗin ya bi ta hannunsa gaban dattawa uku, a nuna masa shafin, a ba shi dama ya yi bayani, domin wani lokacin rasit ne ya ɓata. In ya tabbata ya ci, ya rubuta yadda zai biya, ya miƙa makulli da littafi nan take, a kuma sanar da jama'a cewa an sami giɓin kaza kuma ana biya. Abin da bai kamata ba shi ne a ce a rufa masa asiri a yafe, domin kwamiti ba shi da ikon yafe kuɗin da ba nasa ba. In ya ƙi biya, sai a kai maganar gaban mai unguwa ko hakimi, daga nan kotu.

Kwamitin kansa a yanka masa wa'adi, shekara biyu ko uku, a rubuta a tsarin mulkin masallacin. Ranar miƙa ragama tsohon ma'aji da sabo su je banki tare a sauya sa hannu, a kuma ƙirga kadarori ɗaya bayan ɗaya, daga janareta da baturan sola har takardar filin masallacin, a rubuta wurin da aka ajiye ta da sunan wanda ke riƙe da ita.