Yadda Ake Sa Yaro Ya Ja Ragamar Labari, A Katun Ko A Labarin Yaƙi

Fara da tsayar da shekarunsa. Tsakanin 8 da 12 ya fi daɗin aiki, domin ya isa aike, kuma manya na sakin baki a gabansa.

Idan labarin yaƙi ne, ɗauki ranar 15 ga Maris 1903, da sojojin Turawa suka gwabza da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Giginya, a bakin garin Sakkwato. Kada yaron ya yi bayanin dabarun yaƙi, bai san su ba. Abin da ya sani shi ne ƙarar bindiga daga bayan ganuwa, da innarsa tana ƙulla gero a bakin zani, da jakin gida da aka labta wa kaya za a bi Sarki hijira gabas, tafiyar da ta ƙare a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu. Ba shi buƙata guda ƙarama, misali neman ƙanwarsa da ta ɓace cikin ayari. Inda marubuta suka fi faɗuwa shi ne sa masa maganar dattijo a baki, nan take mai karatu ya daina yarda da shi.

A katun na barkwanci kuwa, wasan kaka da jika ya ishe ka abin dariya. Zana kai babba, tsawon yaron duka kamar kai uku. Ana nuna hoto 24 a daƙiƙa, amma zane 12 ya wadatar. Ɗauki murya kafin zane, da yaro na gaske, ka bar masa Sakkwatancinsa. Zaman ya zama gajere, don da ya gaji murya take mutuwa.