Yadda Ake Tsara Waƙar Kewa da Rabuwa

Kafin ka ɗauki biro, tantance wane ciwo za ka rera, domin kewa daban, yaudara daban. Mai kewa har yanzu yana kasa kunne ko zai ji sallama a ƙofa. Wanda aka yaudara kuwa tambaya ce ke cinsa. In ka cakuɗa su a baiti ɗaya, mai sauraro ba zai san ko tausayi zai ji ko haushi ba.

Daga nan nemo abin da ido ke gani. "Zuciyata ta karaya" kowa ya faɗa. Amma tabarmar zance da aka naɗe aka jingine a zaure, ko lambar waya da aka goge alhali yatsa bai manta ta ba, ko ankon bikinta da ka gani a jikin maƙwabta, waɗannan su ke taɓa mutum. Abu guda ya isa kowane baiti.

Baiti uku ko huɗu sun wadatar, kowanne ƙwar huɗu, wato mai ɗango (layi) huɗu, sai amshi mai ɗango biyu. Baitin farko na kaɗaici ne: faɗi wuri da lokaci, misali ɗaki bayan sallar isha'i. Na biyu ya faɗi abin da ya faru, ba tare da zagi ko kama suna ba.

Baitin juriya shi ya fi wuya, kuma a nan yawancin waƙoƙi ke lalacewa. Marubuci kan yi gaggawar jefo "komai nisan dare gari zai waye" tun mai sauraro bai gama jin zafin ba, sai lallashin ya zama na fatar baki. Ajiye juriya sai baitin ƙarshe, kuma nuna ta a aikace: ya buɗe shagonsa da sassafe, ta koma makaranta, ya bi ta layinsu bai waiwaya ba. Ambaton ƙaddara da dangana yana da kyau, amma ɗango ɗaya ya ishe shi. In ya wuce haka waƙar ta koma wa'azi.

Wajen amsa-amo, wato daidaita sautin ƙarshen ɗangogi, yi hattara da "zuciya, duniya, gaskiya, lafiya". Sauƙinsu ne ke jan mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Fara rubuta ma'anar a zube, sannan ka nemo kalmar ƙarshe.

Rera kowane ɗango kana tafi, ka ƙirga gaɓoɓi su zo kusan daidai. Inda za ka ja murya, sa gaɓa mai dogon wasali. Lura da karin sauti kuma: in muryarka ta sauka a ƙarshen "kuka", kukan hawaye ya zama bishiyar kuka.

A situdiyo, roƙi mai kiɗa ya sassauta gudu, ya rage kayan kiɗa a baitin farko, ya bar ganga sai an shiga amshi.